Takalmin Hajiya Ishatu

Kailani, wanda zai ja mu a tafiyar duwatsun Kagoro, ya gindaya mana sharaɗi: duk wadda ta kasa hawa Dutsen Kufena a gabansa, ba zai tafi da ita ba. Ni ban damu ba. Abin ya fi shafar Hajiya Ishatu, ƙawata tun muna koyarwa a firamare, don ita ta kawo maganar tafiyar. So take ta taka hanyar da mijinta ya auna lokacin yana safiyo, wadda ya yi ta ba ta labarinta har ya rasu bai kai ta ba.

Ɗanta ya aiko mana da takalman hawa daga Kano. Ni ranar da nawa ya iso na zura shi. Kasuwar Tudun Wada da shi, coci da shi, Gyallesu a ƙafa da shi. Mata suna ta nuna ni suna cewa Madam Victoria ta shiga soja da tsufanta.

Ishatu kuwa ta naɗe nata a leda ta tura ƙarƙashin gado.

"Sabon kaya sai ranarsa," in ji ta. "Kin taɓa ganin an sa kayan Sallah tun da azumi?"

"Kayan Sallah ba a hawa dutse da su, Hajiya."

"Haka muka tashi muka gani."

"Mun kuma tashi mun ga ana hana mai ciki cin ƙwai."

Ranar gwaji ta fito, takalmi sai sheƙi yake. Kafin mu kai rabi diddigenta ya yi bororo, ya fashe. Ta zauna ta cire takalmin, ta daɗe tana kallon ƙafar.

Kailani ya ce, "Inna, ko mu sauka?"

"Kai ne ka gaji?"

Ta buɗe jaka ta zaro silifas ɗin alwalarta, ta ɗaure ciwon da gefen ɗankwali, ta rataya mini takalmin a wuya. Haka ta ƙarasa, tana ɗingishi, tana yi mini faɗa wai ina tare mata hanya.

A sama Kailani ya jira ta daina haki.

"Da silifas ba za ki je Kagoro ba, Inna. Ki bar ƙafar ta warke, ki yi ta yawo da takalmin har ya yi laushi. Ruwan damina na ɗaukewa za mu tashi."

"Har da ni?"

"Har da ke."

Ta sha ruwa, ta miƙo mini gorar, ta gyara zama.

"To yanzu faɗa mini, ɗan nan, ina za mu kwana ranar farko?"