Ganyen da Ke Cikin Dutse

Wata na huɗu ke nan injin haƙa yana kuka a kan tudun, amma abin da yake fitarwa bai canja ba: jan dutse tsura, ba ƙwarangwal, ba tambarin ganye, ba abin da zai gaya wa Miyoba, masaniyar duwatsu, shekarunsa. Dutsen da babu gawar komai a cikinsa bebe ne, ita kuwa da gawa take karatu.

Bara ta tsinci baƙaƙen duwatsu a gefen tudun, kowanne da zanen ganye mai kama da harshe. Duk mai irin aikinta ya san ganyen nan, zamanin kwal ya yi, inda yake nan kwal yake. Ta rubuta cewa akwai kwal a ƙasa, kamfanin haƙar kwal ya yarda, mutanen ƙauyen ma suka yarda a tashi maƙabartarsu da ke kan tudun saboda an yi musu alkawarin aiki. Tun ranar da aka tone kabarin farko take jin tsoro, ba ta kuma san na mene ne ba.

Ranar Lahadi ta sauka sabuwar maƙabartar. Ta tarar da tsoho Siamwiinde, wanda aka fara tashin kabarin matarsa, yana jera duwatsu a kan kabarinta. Baƙaƙe ne. Miyoba ta durƙusa ta juya ɗaya, sai ga ganyen.

Ta tambaye shi inda ya samo su. Ya ce ai ba na nan ba ne. Lokacin da aka datse kogin Zambezi ruwa ya ci tsohon garinsu, ba a bar su sun ɗauki matattunsu ba, sai kowane gida ya ɗauko duwatsun bakin kabarin kakanninsa a ka. Da su ake rufe duk wanda ya mutu, damina kuma ta gangarar da wasu daga kaburburan zuwa gefen tudun.

Miyoba ta dubi tafkin da ya haɗiye tsohon garin. Ashe kwal ɗin ba a tudun yake ba, yana can ƙarƙashin ruwa, tare da waɗanda aka bari.

Tsohon ya karɓi dutsen daga hannunta, ya goge shi da riga, ya mayar wurinsa.

"'Yata, na gaya wa matata ta yi haƙuri, don jikokinta aka tashe ta," in ji shi. "Yaushe za a fara ɗaukan yaran aiki?"