Shakazobar Keken Yaya

Ranar da aka sallamo Yaya daga asibiti bayan wata biyar, bai tambayi komai ba sai kekensa. Matarsa ce ta turo min keken shago da hantsi, tayoyi a sace, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashin sirdi. Ta ce ya ce ranar Asabar zai hau, ko da daga ƙofar gida ne zuwa bakin layi. Na ce to. Tun da aka kwantar da shi wannan "to" ɗin nake ce wa kowa. Ba na jin daɗi, ba na jin zafi, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Keken hawan dutse ne, ya girmi 'ya'yana duka. Shakazobar gabansa, wadda ke shanye gargadar hanya, irin ta da ce, babu sifirin a ciki, babu iska, robobi ne kawai a jere a jikin wata siririyar sandar ƙarfe. Da na kwance murfin na kifa ta, robar ta zubo gari-gari a kan benci, sandar kuma ta faɗo gida biyu.

Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Na zaga masu sayar da kayan keke, kowa ya leƙa ya yi dariya, wai in jefar in ɗaura sabuwa. Ɗaya har da cewa da tsohuwar zuma ake magani, ba da tsohon ƙarfe ba. A da, da sai an raba mu. Ranar na maida gutsattsarin cikin aljihu na fita.

Mai injin gyaran ƙarfe na bayan layinmu ne ya feƙe min sabuwar sanda, sai da ya ɓata biyu kafin ta uku ta zauna. Saura roba. Ita ba a sa ta da ka, da nauyin mai keke ake zaɓenta: mai taushi ga marar jiki, mai tauri ga ƙato. Yaya kuwa Buhu Biyu ake kiransa, idan ya hau keke mutane keken suke yi wa sannu. Sau huɗu ina canja masa robar nan a shekara ashirin, kullum baƙar nan mafi tauri, gunduwa shida. Ban tsaya tunani ba. Hannuna ya yanka shida, ya shafa giris, ya jera, ya ɗaure.

Asabar da safe na tura keken gidansa. Ya fito yana dafa bango, matarsa na biye da shi ba ta taɓa shi ba, don ya hana. An huda wa bel ɗinsa sababbin ramuka da ƙusa. Kullum ina zuwa asibiti, na ga ramar nan tana cinsa kaɗan-kaɗan, amma ban taɓa haɗa ta da aikina ba.

Shi ya koya min gyaran keke, kuma shi ya koya min yadda ake gwada shakazoba. A ɗaura zare a jikin bututunta mai sheƙi da ke nutsawa ciki, mai keke ya zauna ya ɗaga ƙafa, idan ya sauka a duba. In zaren ya matsa sama da faɗin yatsa biyu, aiki ya yi. Na ɗaura. Na riƙe masa kan keken, ya hau da ƙyar, ya ɗora ƙafafunsa a feda.

Zaren bai motsa ba. Ya danna da kafaɗunsa, ya sake dannawa har numfashinsa ya sarƙe. Ko gezau.

Na fara cewa laifina ne, zan koma in yanko mai taushi, aikin awa ɗaya ne, kafin azahar na dawo. Ya bar ni na gama surutuna, yana kallon zaren. Sannan ya miƙa wa matarsa hannu da kansa, ta sauke shi, ta zaunar da shi a kan dakali.

"Auta, hau mu gani," ya ce.

"Yaya, ai ba nawa ba ne."

"Hau dai."

Na hau, na dafa bango, na ɗaga ƙafa. Da yake ni ma ƙaton ne, na ji gaban keken ya nutsa a hankali. Da na sauka ya ce in matso masa da shi. Ya sa yatsunsa biyu a ƙarƙashin zaren, suka shiga cif.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Kada ka canja komai. Ka riƙa duba giris in ruwa ya dake shi."

Na buɗe baki in ce to, kalmar ta ƙi fitowa.