Wa Zai Wanke Tchima

Malam Moutari yana sara ƙashin rago a bayan kanti lokacin da mai shagon ya miƙo masa waya. Ya goge hannu a jikin rigar aiki, ya kara ta a kunne.

"Baba," in ji Tassiou, autansa.

"Ina jin ka."

"Inna ce. Da asuba. Mun kai ta asibiti, amma rai ya yi halinsa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya mayar da wayar. Ya ƙarasa saran, ya ɗaure naman, ya ba matar da ke jira. Ya wanke wuƙa ya rataye. Sai da ya zo canza takalmi ne ƙafarsa ta kasa samun bakin takalmin.

Laouali mai tasi ya ɗauko shi. Tun suna samari a Damagaram suka san juna, saboda haka bai dame shi da magana ba. Suka bi titin High Point Road na garin Greensboro, nan Amurka, zuwa gida.

Tun kafin azumi Tchima, matar Malam Moutari, ta tafi. Tassiou ya sami aiki a wani kantin magani can hamadar Kalifoniya, matarsa Anissa ta haihu, ya zo ya ɗauki uwarsa a mota don ta kula da mai jego. Kowace Jumma'a takan kira mijinta ta ba shi labarin garin. Rairayi da dabino kamar gida, in ji ta, amma an shimfiɗa ciyawa shar ana ba ta ruwa don wasan golf. Masu garin tsofaffin Turawa ne masu kuɗi, kowa cikin katanga da mai gadi. Ba ka jin kukan yaro a layi. 'Yan Meziko ke zuwa da safe su yi shara da yankan ciyawa, da yamma motar haya ta kwashe su. In zafi ya shigo, masu gidajen su rufe su gudu. "Dabino yana zuba ƙasa, Malam, ba mai tsinta," in ji ta. Shi kuma yakan ce, "To, kin gama? Kuɗin waya na tafiya."

Kafin azahar gidan ya cika. Takalma sun taru tun daga ƙofa har matakala. Maza a falo, mata a ɗaki da kicin. Duk wanda ya taɓa sauka Greensboro daga Nijar ba shi da masauki, ya ci tuwon Tchima.

"A kawo ta, Malam," in ji Laouali. "Nan mutanenta suke. Dubi jama'a."

Malam Moutari ya ce a kira masa yaron.

"Hanya biyu ce, Baba," in ji Tassiou. "In jirgi ne, masu gidan ajiyar gawa sun ce sai an yi 'yan kwanaki. Kuma sai sun yi mata allurar da ke hana jiki lalacewa."

"Wa zai yi?"

"Ma'aikatansu."

"Maza?"

"Maza na gani, Baba."

"Kafin nan ina za ta kwana?"

"A firji."

Malam Moutari ya dubi hannuwansa. Shekara da shekaru shi ke buɗe firjin kanti kowace safiya. Ya san sanyin wurin.

"Ta biyun fa?"

"Akwai maƙabartar Musulmi a wani gari, da 'yar tafiya. Limamin ɗan Pakistan ne. Ya ce in mun hanzarta, za a rufe ta yau kafin faɗuwar rana."

"Ku nawa ne?"

"Ni, da liman, da wani likita abokina. Wataƙila da mai haƙa kabari."

Kowa a falon na jin muryar. Wani dattijo ya girgiza kai. Matar da ta ciyar da rabin garin nan, sahu ɗaya ma ba zai cika a kanta ba.

Ba wanda ya ce Malam Moutari ya hau jirgi. Kowa ya san da takardar ziyara ya shigo, ta mutu tuntuni, fasfo ma ya mutu. Tun da aka tsananta bincike a filayen jirgi, bai ko bi ta hanyar ba.

"Ni zan tuƙa ka," in ji Laouali.

"Kwana nawa?"

"Uku. In ban yi barci ba, biyu da rabi."

"Kai da kake gyangyaɗi a jar wutar titi?"

Wasu suka yi murmushi, suka sunkuyar da kai.

"Moutari," in ji Laouali, ya rage murya. "In aka rufe ta can, ba za ka ga fuskarta ba. Kabarin ma wa ya san ranar da za ka gan shi? Ka bar taurin kan nan yau ɗaya."

Malam Moutari ya tashi ya shiga ɗakinsu, matan suka ba shi wuri. Zanen sallarta na ninke a kan akwati inda ta bar shi. Ya tsaya a kansa, bai taɓa ba. Tun ranar da aka kawo masa ita tana yarinya, ko likita namiji ba ta yarda ya duba ta. Ya fito, ya karɓi wayar.

"Tassiou."

"Na'am, Baba."

"Ku rufe ta yau."

Wata mata ta fashe da kuka a kicin. Laouali ya tashi ya fita waje.

"Saura abu ɗaya, Baba. Matar liman ta yi tafiya. Babu mai wanka sai Anissa."

Anissa a Amurka ta girma. Ba ta taɓa ganin gawa ba, Hausarta ma sai ta haɗa da Turanci.

Hajiya Kubura ta fito daga cikin mata. Bakanuwa ce, ita ke wanke duk macen da ta rasu a cikin jama'ar. Ta ce, "In sun isa, a ba ni wayar."

Bayan la'asar aka kira daga ɗakin wanka na masallacin can. Hajiya Kubura ta zauna a kicin, matan suka kewaye ta. Malam Moutari ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya ba su baya.

"'Yata, daina kukan, ki yi bismilla. Ki lulluɓe ta da zane tukuna. Ruwan da ɗumi? Madalla. Ki yi mata alwala kamar yadda kike yi wa kanki. Yauwa. Yanzu ɓangaren dama."

Muryar yarinyar na fitowa ƙasa-ƙasa. "Anti, she's so light. Ba ta da nauyi ko kaɗan."

"Haka ne. Ci gaba."

Aka ɗauki lokaci. Ana jin zubar ruwa daga wancan gefen ƙasar.

"Anti, kanta da kitso."

"Ki tsefe, ki wanke, ki kama shi gida uku."

"Ban iya ba sosai. Ƙanana ta yi, sun kama."

Malam Moutari ya miƙe. Ya shiga kicin ɗin, inda bai saba shiga ba in mata na ciki, ya miƙa hannu. Hajiya Kubura ta dube shi, ta ba shi wayar.

"Anissa."

"Na'am, Baba."

Ya yi gyaran murya.

"Ki bi a hankali. Kada ki ja. Ba ta son zafin tsifa."

"To, Baba."

Bai mayar da wayar ba. Ya tsaya nan a tsakiyar mata, tana manne a kunnensa, yana saurare.