Hoton Suruka a Idon Zuma

Tun da mai hoto ya sayi sabuwar kyamara ya daina zaman shago da safe. Kyamarar tana da wani baƙin gilashi da ake ɗaura mata, sai ta kama hasken ranar da idon mutum ba ya gani, amma ƙudan zuma na gani. Kullum yana filin bayan gida, kwance rub da ciki, yana ɗaukar furannin ciyawa. Kowane fure sau biyu: ɗaya yadda muke ganinsa, ɗaya da gilashin. Fure rawaya fes, sai ga shi a hoto na biyu da baƙin tabo a tsakiya.

Ran nan surukarsa ta zo ganin jikoki, ta same shi a haka.

"Ikon Allah! Ga mutane da fuskokinsu, kai ciyawa kake ɗauka? Tashi ka ɗauke ni."

Ta gyara mayafi, ta tsaya cikin furanni. Kunya ta sa ya rikice, ya manta bai cire gilashin ba. Bai kuma san cewa matarsa ta shafa wa uwarta man kare zafin rana ba, man da ke shanye wannan hasken tas.

Ya duba hoton, sai gumi. Fuskar Mama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga shatin yatsu a kumatu, kunnuwan da mai bai kai ba suna ta haske.

"Mu gani."

"Mama, ai bai nuna ba tukuna."

"Hoto ne ko mangwaro? Miƙo."

Ta ƙura wa hoton ido. "Wannan dodon fa?"

"Ku ne, Mama," in ji shi. "Haka zuma ke ganinku idan kun shafa man nan."

Har ya fara tunanin inda zai kwana yau. Can ta tuntsire da dariya, har da dafa gwiwa.

"Ke, kawo man nan!" ta ƙwala wa 'yarta kira.

Ta lakato mai da yatsa, ta ce ya sunkuyo. Ina ya ga ta musu? Ta zana masa fure a kan sanƙonsa, da ganye da komai, ta sa 'yarta ta ɗauke shi hoto da gilashin. Furen ya fito ɓaro-ɓaro, baƙi wuluk.

Jikoki suka fito da gudu, kowa na miƙo goshi. Kafin rana ta yi tsaka man ya ƙare, aka aiki mai hoto kanti ya sayo wani, da furensa a ka.