Wuƙaƙen Aro na Baba Idirisa

"Ba zan ba ka ba," in ji Hajja Mahjuba, ta sa ƙafa ta tokare ƙofar gidanta. "Shi ya aiko ka?"

Lamine ya gyara riƙon jakar da ke hannunsa, wuƙaƙe biyar suka yi ƙara a ciki. Ya ce ba Baba Idirisa ne ya aiko shi ba, shi ne dai ya ga ya kamata a tattara wa tsohon kayansa tunda jiki ya yi nauyi. Tun safe yake bin gidaje a wannan layi nasu na unguwar Sukra, kowa ya miƙo tasa, har matarsa Faouzia ta ba da tata, ko da yake sai da ta yi masa wani irin kallo. Saura ta shida, wadda ke hannun Hajja.

"Wanda ya ba ni aro, shi ya zo ya karɓa," ta ce da Hausar da ta gada a wurin kakarta. Ta rufe ƙofa, ta bar shi tsaye a rana.

Baba Idirisa mutumin Tasawa ne. Ya shigo Sabha da ƙuruciyarsa, ya yi aiki da masu haƙar rijiyoyi a Wadi Bawanis, a can kuma ya haɗu da waɗannan wuƙaƙe. Kamfanin da ya ƙera su ba na wuƙa ba ne tun asali. Filaya da sifana da sukudireba ya yi suna a kansu, ya ɗan taɓa yi wa ma'aikata wuƙa na wasu shekaru, daga baya ya daina. Ƙotarsu baƙin itace ce, da ƙusoshin tagulla, da wani ɗan tambari a gindin ruwan. Idirisa yakan ce wanda ya saba ƙera filayar da ba ta sakin abin da ta kama ba zai zauna ya ƙera wuƙar banza ba. Ɗaya bayan ɗaya ya tara shida, ya kuma fi ji da su fiye da duk abin da ke cikin ɗakinsa, wanda dama ba shi da yawa.

Abin mamaki, ko ɗaya ba ta kwana a ɗakin. Duk ya rarraba su a gidajen maƙwabta. Ba ya sayarwa, ba ya kuma kyauta, aro kawai yake bayarwa, da sharaɗin kada kowa ya wasa masa wuƙa sai shi. Kowane mako zai ɗauki dutsen washinsa da 'yar kwalbar mai, ya bi gidajen nan, ya zauna a bakin ƙofa yana aikinsa. Kafin ya gama an fito masa da shayi, ko kwanon taliya, ko dabino. A nan yake jin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da surukinsa. Matarsa ta rasu tuntuni a gida, 'ya'ya kuma Allah bai bar masa ba. Duk matan layin sun san wuƙa irin wannan takan yi wata ba ta nemi dutse ba, amma babu wadda ta taɓa faɗa.

Lamine ne kawai bai san wannan ba. Direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Agadas take, kuma irin mutanen nan ne da idan suna son ka sai sun yi maka wani abu da hannunsu, ko da zama wuri ɗaya ya fi. Tun da likitoci suka ce a mai da tsohon gida a ci gaba da addu'a, Lamine ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara masa fanka, ya canza masa katifa, ya sake gyara fankar da ba abin da ya same ta.

Sai ga Moataz, mai shagon wayoyi a bakin titi, ya zo dubiya. Shi wuƙaƙe yake tarawa, yana da kabad na gilashi cike da su, ko lemo bai taɓa yankawa da ɗaya ba. Da ya ga wadda Faouzia ke datsa nama da ita sai ya dafe kai. Ya ce akwai mutane a ƙasashen waje da ke neman irinta ido rufe, samun shida a hannun mutum ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ya nuna wa Lamine yadda washi ya cinye ruwan har tambarin ya fara shafewa. A ganinsa a tattara su, a shafa musu mai, a naɗe, ko don tsohon ya gan su tare sau ɗaya. Ba kwaɗayi ne ya sa shi magana ba, shi ma son su yake yi irin nasa. Lamine kuwa dama aiki yake nema.

Bayan la'asar ya shiga ɗakin da jakarsa. Baba Idirisa yana kwance ya jingina da filo biyu, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Lamine ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya jera wuƙaƙen, duk ya goge su suna ƙyalli. Ya ja da baya yana murmushi, yana jiran a sa masa albarka.

Tsohon ya daɗe yana kallonsu. Ya san kowace da gidanta. Ya nuna mai ɗan tsagi a ƙota, ya tambaya ko maƙwabciyarsu Najwa ce da kanta ta bayar. Lamine ya ce ita ce. Ya nuna ta kusa da ita, ya sake tambaya, amsar ba ta canza ba.

"To," in ji shi a hankali. "Sun sallame ni ke nan."

Lamine ya matso kusa da shi. Ya fara bayanin Moataz da mutanen ƙasashen waje da tambari, amma tsohon ya riga ya juya fuska ga bango. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Biyar na gani. Ta Hajja fa?"

"Ta hana ni, Baba. Har ƙofa ta rufe mini."

Kafaɗun tsohon suka ɗan motsa. Lamine ya tsorata, ya ɗauka tari ne ya taso, ashe dariya ce. "Mahjuba ke nan," ya ce. "Tun mijinta na da rai ba a karɓar abu a hannunta."

A tsakar gida Faouzia ta wanke mijinta tas, ba tare da ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. Ta ce shekara nawa yana zaune da mutum katanga ɗaya bai san abin da ke fitar da shi daga ɗaki ba. Ta ce su da suka bayar, sun ɗauka tsohon ne ya aiko, kowace kuma sai da ta yi kuka bayan ya fita. Lamine bai yi musu ba. Kunya ta kama shi ƙwarai, da tausayi, da haushin kansa. Kafin magariba ya sake bin gidajen nan biyar da jakarsa, yana mayarwa yana ba da haƙuri, ƙato da shi kamar wanda aka kama da satar kaza.

Washegari Hajja Mahjuba ta yi sallama a ƙofar ɗakin, lulluɓe da mayafinta, wuƙa a naɗe cikin tsumma. Ba ta tambayi jiki ba. Faɗa ta kama yi. Ta ce wane irin mai ba da aro ne wannan da zai kwanta ya bar mutane da wuƙar da ko tumatir ba ta yanka. Lamine ya ta da tsohon zaune, ya ɗora masa dutsen a kan cinya, ya ɗiga mai. Baba Idirisa ya juya wuƙar a hasken taga, ya shafa bakin da babban yatsa.

"Hajja, wannan ai da siminti aka dakushe ta."

"Ƙashi ne."

"Ƙashin dakalin ƙofarki."

"Kai dai wasa," ta ce, ta zauna a bakin ƙofa ta juya masa gefe.

Ya wasa. Hannun yana rawa idan ya ɗaga shi, amma da zarar ƙarfe ya kwanta a kan dutse sai rawar ta tsaya. Abin da yakan gama kafin shayi ya huce, ranar sai da ya huta sau da yawa a tsakani, Hajja kuwa tana ba shi labarin rikicin da ake yi a kan dabinon danginta na garin Zighan, wa ya ce me, wa ya fita a fusace. Da ya gama ta fito da ɗan kwanon miya daga ƙarƙashin mayafi. Cokali biyu ya sha, rabonsa da ya sha ko ɗaya an kwana biyu.

Daga ranar wuƙaƙen layin nan suka shiga dakushewa kamar annoba. Yau ta Najwa, gobe ta gidan Hamed, jibi ta Faouzia. Moataz ya leƙo wata rana ya tarar ana goga ɗaya a dutse, ya ga irin zanen da siminti ya yi mata, ya runtse ido kamar shi aka yanka. Da zai dawo sai ga shi da kwalbar man injin ɗinki, ya ce ya ga na Baba ya kusa ƙarewa.

Lamine ya ƙi karɓar lodi, ya zauna. Aikinsa ya zama riƙe dutse, don cinyar tsohon ta daina ɗaukar nauyinsa. Yana ganin yadda washin ke raguwa kullum, daga goga mai yawa zuwa 'yar kaɗan, har ya zama tsohon yakan ɗora wuƙar kawai ya ja sau ɗaya ya miƙa, mai ita ta gwada a farce ta ce ta yi.

Wata Alhamis da hantsi ya ce Lamine ya kira masa su duka, da liman. Suka cika ƙofar ɗakin. Ya ce yana da ɗan wa a Tasawa, kuma abin da aka bayar aro na magada ne, idan ya tafi a haka dole a karɓe a aika, wanda ya riƙe kuma ya ci haƙƙi. Shi ba ya son a sake bin gidajensu da jaka. Ya huta, ya nemi ruwa.

"Liman, ka shaida. Daga yau ba aro ba ne. Kowa ta hannunsa tasa ce, na ba shi."

Ba wanda ya yi murna da kyautar nan. Kowa ya san abin da ya hana shi yin ta shekara da shekaru, kowa kuma ya gane abin da ya sa ya yi ta yau. Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun karɓa, Allah ya saka, murya ƙasa-ƙasa. Hajja Mahjuba kaɗai ta rage.

"Hajja," in ji shi.

"Ni aro na karɓa."

"Ki karɓa mana, don Allah."

"Mako mai zuwa za ta dakushe. Wa zai wasa?" Ta tashi ta ja mayafinta ta fita, ko sallama babu.

Bai kai mako mai zuwan ba. Ranar Asabar bayan an sauko daga sallar asuba Lamine ya shiga da ruwan zafi, ya tarar numfashin tsohon ya canza. Ya zauna ya riƙe hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, leɓen tsohon yana bin sa, har ya daina bi. Lamine ya shafe masa ido. Ya daɗe a zaune kafin ya iya tashi ya gaya wa kowa, don ya san da ya fita ɗakin nan ya zama na mutane.

Da ya fito sai ya ga Hajja Mahjuba tana tahowa daga ƙarshen layi da tsummanta a hannu. Ta ga takalman maza sun fara taruwa a ƙofar, ta rage sauri, ta tsaya. Ta zauna a kan dutsen da ke jikin katanga, ta ɗora tsumman a cinya, tana nan har aka yi wanka aka haɗa shi.

Lamine na riƙe da gaban makara lokacin da aka fito. Da suka zo daidai inda take sai ta miƙe tsaye, ta ce da muryar da shi kaɗai da na kusa da shi suka ji, "Na karɓa, Malam Idirisa." Ya ɗan tsaya, na bayansa ya ɗan tura shi, suka wuce.

Sun dawo daga maƙabarta rana ta take. An kafa rumfa a layin, maza suna zazzaune ana karɓar gaisuwa. Lamine ya shiga gida ɗauko ruwa, ya tarar da mata a tsakar gida ana haɗa abincin baƙi, tukwane a kan wuta, kowa da abin da take yi. Hajja Mahjuba na can gefe a kan 'yar kujera da tiren tumatir a gabanta, wuƙar da tsohon ya ba ta a hannu. Faouzia ta miƙa mata wata wuƙar, ta girgiza kai ba ta ko ɗago ba.

Ya tsaya da jarka a hannu yana kallo. Tumatirin yana lotsewa a ƙarƙashin wuƙar maimakon ya yanku, ruwansa yana bin yatsunta yana taruwa a gefen tire. Ta ture shi gefe, ta ɗauko wani, ta ɗora wuƙar ta danna.