Ƙodar Auta

Allura ta biyu ba ta shiga da wuri ba. Nas ɗin ta lalubi jijiyar, ta ja ɗan tsaki, ta sake sokawa. Ƙanƙara bai ko motsa ba. Yana kwance yana kallon jininsa ya bi siririn tiyo, ya shiga injin wankin ƙoda da ke gefen gado, ya zagaya ya dawo masa. Awa huɗu zai yi a haka. Jibi ma haka.

"Baba, ka ƙaru da kilo uku daga zuwan da ka yi," in ji nas ɗin. "Me ka sha?"

"Ruwa."

"Kofi nawa?"

"'Yata, harshena kamar busasshiyar fata yake."

"Na sani. Amma ƙodarka ba ta fitar da shi, a ƙirjinka yake taruwa, ga zuciyar ta gaji. Kofi biyu a wuni. Ka ji?"

Ya ce ya ji. Wata bakwai ke nan duk abin da aka faɗa masa sai ya ce ya ji. Ya daina jin haushi, ya daina jin tsoro. Ƙishi kaɗai ya rage masa.

*

Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa motar raba lemo ta wani kamfani. A can aka laƙaba masa Ƙanƙara, don in mai shago ta miƙo masa kwalba, sai ya shafa wuyanta ya ce, "Wannan ai zazzaɓi take yi. Kawo mai ƙanƙara." Duk kwalbar da takardarta ta karkace, ko gwangwanin da ya lotse, na direbobi ne kyauta. Yakan sha huɗu ko biyar kafin rana ta faɗi, ya ƙullo sauran a leda ya kai gida. In aka ba shi ruwa sai ya yi dariya ya ce, "Ni kifi ne?"

Da fitsari ya dame shi, aka auna aka ce ciwon suga ne. Likitar ta yi masa magana ba ɓoye-ɓoye: ya koma ruwa, in shayi ne ban da suga, lemon nan kuwa ya rabu da shi, domin yadda gara ke cin itace haka zai ci masa ƙoda da zuciya, ba tare da ya ji ba.

Ya yi sati biyu bai taɓa ba. Sai matarsa ta ga ya zama shiru-shiru, tausayi ya kama ta. Ta sayo masa na kwali mai hoton lemu da abarba.

"Baban yara, wannan ai 'ya'yan itace ne zalla. Dubi hoton."

Mai shagon magani na bakin layi ya ce lemon nan mai ruwan ƙasa-ƙasa jini yake ƙarawa, ba ruwansa da suga. Abokin aikinsa ya koya masa ɗan gwangwanin da ke korar gyangyaɗi a kan doguwar hanya. Babu wanda ya nufe shi da sharri. Kuma ciwon ba ya ciwo, shi ne muguntarsa. Ƙanƙara ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyinsa kullum safe, wata rana ma da lemon yake kora su.

A shekara ta takwas da gano ciwon, takalmansa suka fara matse shi. Wata safiya ya kama ƙofar mota zai hau, numfashi ya ƙi. Ya zauna a kan akwatin kwalabe yana haki, har aka kwashe shi.

A asibiti 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da ledarsa. Ƙarƙashin gadonsa ya cika da katan-katan na lemo, matarsa tana godiya tana turawa ciki da ƙafa. Kamfani ma bai manta da shi ba. Ya aiko da takardar sallama, da katan biyu na sabon samfuri.

*

Auta ne ya kawo maganar dashen ƙoda. Ƙanensa ne, shekara goma sha shida ce tsakaninsu, kuma a hannun Ƙanƙara ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu. Yanzu mai walda ne, ƙato, da mata da 'ya'ya biyu. Ya shigo da rana tsaka da tabon wuta a hannayen rigarsa, ya zauna a bakin katifa.

"Yaya, na yi tambaya. An ce mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Biyu gare ni, ɗayar zaman banza take yi."

"Kana da iyali."

"Kai ba ka da shi? Da ka ɗauke ni ka sa a makaranta, shawara ka yi da ni?"

Matar Ƙanƙara tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya zuba wa silin ido. Ya nemi abin da ya kamata ya ji a ransa, farin ciki ko kunya, bai samu ko ɗaya ba. Amma washegari ya kama kansa yana tunanin bokitin ruwa, cike fal, ya kafa kai yana sha ba mai ƙirga masa.

Aka ɗebi jinin Auta, aka karɓi fitsarinsa, aka ce su dawo bayan kwana goma. Auta ya yi ta zolayarsa a hanya.

"Ka riƙe min ita da kyau fa, Yaya. Sabuwa ce dal, ba a taɓa kunce injinta ba."

*

Ranar da suka koma, likitar ta daɗe tana duba takardar gwajin. Sannan ta cire tabarau, ta dubi Auta, ba ta dubi Ƙanƙara ba.

"Kana yawan jin ƙishi?"

"Likita, aikin wuta nake yi. Dole."

"Me kake sha in ka ji?"

Auta ya yi murmushi, ya sosa ƙeya. "Abin da ya samu. Lemo dai. Akwai firji a shagon kusa da mu."

"Nawa a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Mu da shi muka tashi a gida."

Ta ajiye takardar a hankali. "Jininku ya dace. Amma ba zan iya taɓa ƙodarka ba. Kana da suga, kuma ya daɗe a jikinka. Fitsarinka ya nuna ƙodar ta fara yoyo, jininka ma ya hau. Kai naka da sauran gyara, in ka kama magani ka koma ruwa tun yau. Sai dai biyun nan, kai ma kana bukatarsu."

Auta ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Ni? Ai ko ciwon kai ba na yi."

Fanka tana juyi a sama, tana ɗaga gefen takardun da ke kan tebur. Ƙanƙara yana kallon hannayen ƙanensa, manya, duk tabo. Ya tuna lokacin da suke ƙanana, suna miƙewa su karɓi ledar da yake dawowa da ita daga aiki. Shi ke buɗe masa kwalbar da haƙori. Yakan ce, "Sha, ka yi ƙiba."

"Yayanka zai ci gaba da wanki," in ji likitar. "Ko akwai wani ɗan'uwan?"

"Mu biyu ne," in ji Ƙanƙara.

*

Suka fito suka zauna a benci a tashar mota da ke ƙofar asibiti. Rana ta take. Ƙanƙara ya riga ya shanye kofi ɗaya da rabi na ranar, sauran rabin yana gida yana jiran yamma. Auta ya naɗe takardar magani, ya buɗe, ya sake naɗewa.

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Na sa maka rai."

Ƙanƙara ya so ya ce masa shi ne mai neman gafara. Maganar ta zo har maƙogwaro, ta tarar da wurin a bushe, ta koma.

Wata mata mai kular lemo a ka ta tsaya a gabansu, ta sauke, ta buɗe murfi. Sanyi ya bugi ƙafafunsu.

"Maigida, a kawo mai sanyi? Rana ta yi."

Auta yana kallon titi. Hannunsa ya shiga aljihu, ya fito, ya karɓi kwalba ɗaya, ya murɗe murfin. Sai da ya kai rabi sannan ya tsaya, kwalbar a bakinsa. Ya sauke ta a hankali ya dube ta, ya dubi yayansa. Ƙanƙara ma ita yake kallo, maƙogwaronsa yana motsi.

Auta ya ajiye ta a kan bencin, a tsakaninsu. Motarsu ta zo, ta yi hon, ta ɗebi mutane ta wuce. Wani ƙudan zuma ya sauka a bakin kwalbar, ya zagaya sau ɗaya, ya shige ciki.