Koriyar Leda a Kan Na'ura

Da azahar ɗin jajibirin sabuwar shekara layin Taipei ya cushe. Ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki waya tana gaida dangi, saƙonni suka yi cirko-cirko kamar motoci a bakin kasuwa. Pei-shan, injiniyar kamfanin waya da ke bakin aiki, tuni ta ajiye jakarta kusa da ƙofa. Jirgin ƙasan yamma ne kaɗai zai kai ta Chiayi kafin a zauna cin abincin shekara, kuma kakarta jiki ya yi nisa, ba mai sa ran za ta ga na baɗi.

"Manaja, ba ni izini in karkatar da rabin lodin nan ta layin Taichung. Fayau yake."

Manaja Hsueh ko juyowa bai yi ba. Yana tsugune gaban babbar na'ura yana jujjuya ledar cincin ɗin da ake ɗora mata don ta yi ladabi. Kowa ya san ƙa'ida, koriyar leda ce kuma ba a buɗewa. Wannan kuwa wani mayunwaci ya farke ta ya lashe tas.

"Ga matsalar nan kina ganinta, kina kira mini Taichung! Kada wanda ya taɓa komai sai an kawo sabuwa."

Aka tura maigadi kanti. Ya dawo da leda mai ruwan ɗorawa.

"Kai, so kake ka ƙarasa mu? Koma!"

Takaici ya cika Pei-shan har wuya. Masu ƙorafi sai bugowa suke, mutumin nan kuma yana tuhumar mutane ɗaya bayan ɗaya wa ya ci cincin. Ta ja kujera ta karkatar da lodin abinta. Cunkoson ya fara sauka daidai lokacin da maigadi ya shigo da koriya yana haki.

Hsueh ya ɗora ledar, ya dubi allo, ya washe baki. "Kun gani ko? Kowa ya kama hanyar gida!"

Ta ɗauki jakar. Amma layin Taichung siriri ne, in ba a sa masa ido ba zai shaƙe kafin dare, kuma akwai asibitoci a kansa. Ta ajiye jakar.

"Manaja, ni na karkatar."

Fara'arsa ta ɗauke. Ya ɗauki kwat ɗinsa.

"To ai kin san doka. Wanda ya sauya hanya shi ke gadinta har a mayar."

Ta kira gida. Mahaifiyarta ta ce, "Tun safe kakarki take tambaya ko kin taso. Ni ba zan iya ba, ga ta nan, faɗa mata da kanki."